Yaya ake sa ido a kan baƙuwar tsutsar masara kafin ta yi ɓarna?

Manomin Saminaka ya rubuta:

Assalamu alaikum, manoma da masana harkar gona. Ina noman masara a yankin Saminaka, kuma ina cikin wata ƙaramar ƙungiyar manoma da muke haɗa kuɗi muna sayen taki da maganin feshi tare. Tun da wannan baƙuwar tsutsa mai shiga zuciyar masara ta bayyana a ƙasar nan, abin da yawancinmu ke yi shi ne mu yi feshi da zarar mun ga ganye ya fara hujewa, wasu ma suna yi tun kafin su ga komai, don gudun abin da ka je ya zo. Kuɗin magani ya yi tsada ƙwarai, kuma sau da yawa mutum zai yi feshi ya koma bayan kwanaki ya tarar da tsutsar tana nan a raye cikin zuciyar masarar.

A bana an kawo mana shawarar mu sayi tarkon da ake ratayewa a gona yana kama faɗa-wutar da ke haifar da tsutsar. Ra'ayin 'yan ƙungiya ya rabu, domin wasu suna ganin idan aka kafa tarko an huta da feshi, wasu kuma suna ganin ɓarnar kuɗi ce kawai. Tambayata ita ce, mene ne ainihin aikin wannan tarko, kuma wace hanya ce ta gaskiya da manomi zai bi ya san lokacin da ya wajaba ya yi feshi da lokacin da ya kamata ya haƙura? Ina roƙon wanda ya san abin ya yi mana bayani dalla-dalla, saboda zan karanta wa 'yan ƙungiya amsar a zamanmu na gaba.

Malamin Gona daga Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ta zo a kan gaɓa, kuma zan fara da amsar da 'yan ƙungiyarku suka fi buƙata: tarkon ba magani ba ne, kuma ba zai rage yawan tsutsar da ke gonarku ta yadda za ku huta da kula da ita ba. Aikinsa gargaɗi ne. Abin da ake sakawa a cikinsa ɗan ƙaramin roba ne da aka jiƙa da sinadari mai kwaikwayon ƙamshin da macen faɗa-wutar ke fitarwa don kiran namiji, saboda haka maza kaɗai yake kamawa, alhali mace ce ke yin ƙwai. Idan kun ga maza sun fara taruwa a tarko, kun san cewa faɗa-wutar ta iso yankinku kuma lokacin shiga gona da duba ya yi. Shawarar feshi kuwa a jikin masara ake yanke ta, ba a cikin tarko ba.

Yana da kyau a san halin wannan ƙwaro, domin daga halinsa ne aka fitar da yadda ake bibiyarsa. Masana suna kiransa Spodoptera frugiperda, kuma asalinsa daga yankunan zafi na nahiyar Amurka yake. A farkon shekarar 2016 aka fara tabbatar da shigowarsa Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya da Benin da Togo da tsibirin Sao Tome, kuma masanan cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan suna cikin waɗanda suka fara ba da rahotonsa. Cikin shekara biyu ya bazu a mafi yawan ƙasashen Afirka kudu da Sahara, a 2018 aka gan shi a Indiya, a 2019 a Sin, a 2020 kuma ya kai Ostareliya. Dalilin wannan sauri shi ne faɗa-wutar tana tashi da dare tana bin iska, har tana iya cin tafiyar kilomita 100 a dare guda, sannan macen tana zuba ƙwai a dunƙule, kowane dunƙule kimanin 100 zuwa 200, kuma a tsawon rayuwarta tana iya haura 1,000. A yanayin zafi irin namu ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, tsutsar ta yi kusan mako biyu tana ci, sannan ta sauka cikin ƙasa ta dunƙule na kwana 8 ko 9, ta fito a matsayin sabuwar faɗa-wuta. Wato cikin wata guda an gama zagaye ɗaya an shiga wani, shi ya sa a damina ɗaya za ka tarar da ƙwai da ƙananan tsutsotsi da manya duk a gona guda.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin wannan zagaye shi ne kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa. A lokacin tsutsar ƙarama ce, tana kankare saman ganye ba tare da ta huda shi ba, sai ka ga wurin ya yi fari-fari, siriri, har haske na ratsa shi. A wannan mataki tana fili, magani yana samunta, ruwan sama mai ƙarfi yana wanke ta, tururuwa da sauran ƙwari suna cinye ta. Da ta girma sai ta nutse cikin zuciyar masara, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, ta toshe bakin wurin da kashinta mai kama da garin katakon da zarto ke zubarwa. Daga nan magani ba ya isa gare ta sai da ƙyar. Wannan ne ya sa kake feshi kana komawa kana tarar da ita da rai: yawancin manoma ba sa lura sai manyan huji sun bayyana a ganye, kuma manyan huji alama ce ta cewa tsutsar ta riga ta girma, wani lokaci ma ta riga ta bar masarar ta shiga ƙasa, an zuba magani a kan ɓarnar da ta wuce.

To ga yadda ake dubawa. Daga lokacin da masara ta tsiro, a shiga gona aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe ko da yamma, domin da rana tsutsar tana ɓuya. Kada a tsaya a bakin gona, a shiga ciki kamar taku biyar ko shida, sannan a yi tafiya a karkace daga wannan gefe zuwa wancan, a dawo, a sake komawa, ana tsayawa a wurare biyar daban-daban da suka game gonar. A kowane wuri a duba masara 10 a jere a kan kunya, ba tare da zaɓen waɗanda suka fi lalacewa ba, domin ido yana son ya kai mutum inda ɓarna take, kuma da zarar an fara zaɓe lissafin ya ɓaci. A kowace masara a duba sababbin ganye biyu ko uku na sama, a leƙa zuciyar, a juya ganye a nemi dunƙulen ƙwai, wanda za a gan shi a lulluɓe da wani abu mai kamar gashi, launin toka. Abin da ake ƙirgawa shi ne masarar da ke da sabuwar ɓarna ko tsutsa mai rai. Kashi ɗanye mai laima yana nuna tsutsar tana ciki, busasshe kuma yana nuna tsohon aiki ne. Idan an gama, an duba masara 50 ke nan, sai a rubuta adadin waɗanda suka kamu da kwanan wata.

Jagorar da cibiyar inganta masara da alkama ta duniya, CIMMYT, da abokan aikinta suka fitar a 2018 domin Afirka ta ba ƙaramin manomi ma'auni kamar haka: tun masara tana ƙarama, idan kimanin kashi 20 cikin 100 sun kamu, wato 10 cikin 50 ɗin da ka duba, lokacin ɗaukar mataki ya yi. Idan ta girma ta kusa fitar da fure, tana iya jure ɓarnar ganye sosai, saboda haka ma'aunin yana hawa zuwa kimanin kashi 40, wato 20 cikin 50. Da ta fitar da fure ta fara goyo da gemu sai a sake tsanantawa, domin a lokacin tsutsar tana barin sama ta koma cikin goyon, kuma abin da ta ci a nan hatsi ne kai tsaye.

Sai kuma a tabbatar da cewa ita ce. Babbar tsutsar tana da wani farin zane a goshinta mai siffar harafin Y a kife, kuma a gaɓa ta biyun ƙarshe ta jikinta akwai baƙaƙen ɗigo huɗu da suka zauna a murabba'i. Muna da tsutsotsinmu na gida masu huda kara, kamar Busseola fusca da Sesamia calamistis, waɗanda su ma suna fara cin ganye kafin su shige cikin kara, amma ba su da waɗannan alamu, kuma ɓarnarsu takan ƙare da bushewar zuciyar masara da ramuka a jikin kara.

Mai Noman Rani daga Kura ya amsa:

Malam, Allah ya saka da alheri, bayaninka ya gamsar, amma ina da ja a kan batun ma'auni. Mu da ke noma a ƙarƙashin ruwan Tiga muna shuka masarar gashi da rani, kuma mai saye yana buɗe goyon ya duba kafin ya biya. Idan ya ga tsutsa ɗaya ko kashinta a kan masarar, farashin buhun gaba ɗaya ya faɗi. Wanda zai bar masararsa ta bushe ya sussuka ya auna a buhu yana iya jure ɓarnar ganye, amma ni da nake sayar da ɗanya ba zan iya jira har 20 cikin 50 su kamu ba. Bugu da ƙari, da rani babu ruwan saman da ka ce yana wanke ƙananan tsutsotsi, kuma gonakinmu su ne kore kaɗai a yankin, saboda haka duk faɗa-wutar da ke yawo a kanmu take sauka.

Akwai kuma abin da nake ganin ya kamata manoman damina su sani. Wannan ƙwaro ba ya kwanciya ya jira damina, dole ne ya samu ɗanyen abinci duk shekara, kuma masarar rani da ake yi a Kura da Kadawa da fadamu ita ce ke riƙe shi har ruwa ya sauka. Duk ƙauyen da ke kusa da wurin noman rani ya kamata ya fara dubawa tun masara na da ganye biyu ko uku. Na kuma lura cewa wanda ya yi jinkirin shuka, gonarsa tana ƙarama alhali na maƙwabta sun fitar da fure, shi ne ya fi shan wahala, domin macen ta fi son zuba ƙwai a kan masara mai taushi.

Dangane da tarko, ni na yi amfani da shi, kuma amfanin da na gani shi ne yana nuna mini makon da ya kamata in ƙara yawan shiga gona. Amma ba duk abin da ya faɗa ciki ne abin da ake nema ba, akwai wasu faɗa-wuta masu launin kara da ke shiga su ma, kuma wanda bai iya bambancewa ba zai ƙirga su duka ya tayar da hankalinsa a banza.

Malamin Gona daga Zariya ya sake amsawa:

Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma na yarda da jan da ka yi. Ma'aunin da na kawo an gina shi ne a kan kwatanta kuɗin feshi da darajar hatsin da za a rasa, saboda haka idan darajar amfanin ta canza, dole ma'aunin ya canza. Mai masarar gashi da mai noman iri suna da hujjar ɗaukar mataki da wuri fiye da mai noman hatsi. Abin da ba na so a rasa shi ne ƙirgar kanta. Ko da ka yanke wa kanka cewa 5 cikin 50 sun ishe ka ka ɗauki famfo, ka tabbata ka ƙirga ɗin, kuma ka sake ƙirgawa kwana uku ko huɗu bayan feshi, domin ta haka ne kaɗai za ka san ko maganin ya yi aiki ko kuɗinka ne ya tafi. A nahiyar Amurka an daɗe da tabbatar da cewa wannan tsutsa ta saba da wasu tsofaffin magunguna har ba sa kashe ta, kuma maimaita magani iri ɗaya a kowane feshi shi ne hanyar da ke kai wa ga haka. A riƙa sauya rukunin magani, a yi feshi da yamma ko da sassafe, a saita bakin famfo a kan zuciyar masara, a rufe hanci da jiki, kuma a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da girbi, musamman ku masu sayar da ɗanya wadda za a gasa a ci a ranar.

'Yar Maraɗi ta amsa:

Sallama gare ku, iyayena da yayyena. Ina aikin wayar da kan manoma a jihar Maraɗi, inda gero da dawa suka fi yawa, amma tsutsar tana kama dawa ita ma, kuma tana cin masarar da ake yi a gulbi. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan abin da ake dubawa idan an shiga gona, domin ba ɓarna kaɗai ya kamata a rubuta ba, har da alamun cewa abokan gaban tsutsar suna aiki.

Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, masana suna kiransa Telenomus remus, wanda ke zuba nasa ƙwan a cikin ƙwan faɗa-wutar, sai ya zama maimakon tsutsa ta fito, shi ne yake fitowa. An tabbatar da samuwarsa a Nijar da Benin da wasu ƙasashen Afirka, kuma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, sun yi aiki a kan kiwonsa da sakinsa a gonaki. Manomanmu ba baƙi ba ne ga wannan dabara, saboda an daɗe ana sakin wani ɗan'uwansa mai suna Habrobracon hebetor a kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Haka kuma za a iya tarar da tsutsa ta mutu ta sandare a kan ganye, jikinta ya lulluɓe da fari ko kore, wannan wata cuta ce ta kama ta, kuma alheri ne ga gona. Idan aka yi feshi mai ƙarfi tun masara na ƙarama ba tare da dalili ba, waɗannan mataimaka ne ke fara mutuwa, faɗa-wutar kuma ta dawo daga gonar maƙwabci ta tarar babu mai tsare ta.

A ƙananan gonaki, musamman na mata da ke bayan gida, muna koya musu su murƙushe dunƙulen ƙwai da ƙananan tsutsotsi da hannu a duk lokacin da suka shiga dubawa, kuma a makonnin farko wannan yana rage ɓarna sosai ba tare da an kashe ko dala ba. Wasu suna zuba toka ko yashi a zuciyar masara, wasu suna jiƙa dakakken ƙwallon bedi, wanda ku a Najeriya kuke kira darbejiya, su tace su fesa. Waɗannan sun fi tasiri a kan ƙaramar tsutsa, saboda haka su ma sun dogara ne ga an gan ta da wuri.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da wata manhajar waya mai suna FAMEWS a 2018 domin shigar da sakamakon duba gona da na tarko. Ko ba a yi amfani da ita ba, littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, in dai mutum ɗaya ne ke riƙe da shi kuma ana rubutawa kowane mako.

Manomin Saminaka ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Na fahimci cewa tarko ba zai maye gurbin shiga gona ba. Abin da ya rage mini shi ne, tunda kuɗinmu kaɗan ne, shin ya dace kowane ɗan ƙungiya ya sayi nasa, ko kuwa mu sayi kaɗan mu kafa a wasu gonaki? Kuma Malam, ina so ka yi mana bayanin yadda ake kafa shi da kula da shi, sannan ka faɗa mana ko sabon irin masarar da aka ce tsutsar ba ta cinsa zai sa a daina wannan dubawa.

Malamin Gona daga Zariya ya amsa:

Alhaji, ba sai kowa ya saya ba. Tunda aikin tarko gargaɗi ne ga yanki, 'yan kaɗan da aka rarraba a gonakin ƙungiya sun wadatar, kuma ni zan fifita gonakin da ke kusa da fadama ko wurin noman rani, da na waɗanda suka riga kowa shuka. Ragowar kuɗin ya fi amfani idan aka ware shi ga matasa biyu ko uku da za a koya wa dubawa da ƙirga, su riƙa zagaya gonakin waɗanda tsufa ko wata sana'a ta hana su shiga kowane mako.

A kafa tarkon makonni kaɗan kafin shuka, domin a san ko faɗa-wutar tana nan tun kafin masara ta fito. A rataye shi a jikin sanda, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma idan masara ta yi tsawo a riƙa ɗaga shi ya kasance sama da kanta, don iska ta ɗauki ƙamshin. Idan za a sa fiye da ɗaya a wuri guda, a bar tazarar aƙalla mita 50 a tsakaninsu. Ɗan robar da ke ɗauke da ƙamshin yana rasa ƙarfinsa, saboda haka ana sauya shi kusan kowane wata, ko yadda aka rubuta a jikin ledarsa, waɗanda ba a buɗe ba kuma a ajiye su a wuri mai sanyi, kada a bar su a rana ko a aljihu. A zazzage tarkon sau ɗaya a mako a rana tsayayya, a ware waɗanda ake nema daga sauran, a ƙirga, a rubuta, a zubar. Namijin da ake nema fikafikansa na sama ruwan ƙasa ne da toka, da farin tabo a ƙarshensu, na ƙasa kuma farare ne masu duhun baki. Adadin mako ɗaya ba ya faɗin komai shi kaɗai, abin lura shi ne hawa da sauka: idan adadin ya yi tsalle a wannan mako, a sa ran ƙwai da ƙananan tsutsotsi cikin kwanaki masu zuwa, sai a mayar da duba gona sau biyu a mako. Idan kuma tarko bai kama komai ba, kada a ɗauka gona lafiya take, domin roba na iya lalacewa, iska na iya kaucewa, kuma an sha samun gona cike da tsutsa alhali tarkonta babu kome.

Game da iri, abin da kake nufi shi ne masarar TELA, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru ta samar tare da abokan hulɗarta, aka amince da fitar da ita a Janairun 2024 da sunayen SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T. Iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta domin ya kare kansa daga masu huda kara da wannan tsutsa, kuma akwai muhawara a kansa a ƙasar nan wadda kowane manomi yake da 'yancin ya saurara ya yanke wa kansa hukunci. Amma ko wanda ya shuka shi bai kamata ya daina dubawa ba, saboda a Brazil da Puerto Rico an tabbatar da cewa tsutsar ta saba da wasu nau'o'in irin wannan masara bayan shekaru ana shuka su, kuma manomin da ke shiga gonarsa yana ƙirgawa shi ne zai fara lura idan haka ta soma faruwa a nan. Idan kuka ga tsutsa ta girma tana ci a kan irin da aka ce yana da kariya, ku sanya 'yan kaɗan a kwalba, ku rubuta sunan irin da ranar shuka, ku kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarku domin a isar da su Samaru.